Rasuwar Ido Ɗaya, Bokitin Leƙen Ƙasan Teku

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, haushi kuma ya ƙarasa gurbin da ya rage, ni Mirasa Naina Marakkayar na ƙauyen Nandukarai, a madadin kaina da matata Patumuttu da abokin aikina Arulappan mai kula da inji, ina sanar da masunta, da masu nutso, da ma'aikatan auna ƙasan teku, da duk wanda ya taɓa sunkuyawa ya sa fuskarsa a bakinsa, rasuwar bokitina mai gindin gilashi, wanda aka fi sani da Ido Ɗaya. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, a bakin aiki, a kan ruwa mai zurfin gaba uku gabas da Tsibirin Kokku, bayan jinyar kwana uku. Shekarunsa ashirin.

Kafin wani mai dogon harshe ya ɗauki biro: na sani bokiti ba shi da rai. Ba za a yi masa salla ba, ba za a roƙa masa gafara ba, don bai yi abin da za a gafarta ba. Wanda yake shirin zuwa ya koya mini wannan, ya huta a gidansa. Na rubuta sanarwar nan ne domin na sha ganin an buga wa mutanen da ba su tsinana wa kowa komai ba shafi guda da hoto, alhali wannan ya yi shekara ashirin yana faɗin gaskiya, kuma rahoton da ya mutu a kansa bai ko ambaci sunansa ba.

An haifi marigayin a shekarar da ta biyo bayan babbar igiyar ruwan nan da ta cinye gaɓar tekunmu. A lokacin ne mutanen ofishin kula da halittun teku suka fara zuwa suna ɗaukar jirgina haya, suna son sanin abin da ya rage a ƙasa. Kowane wuri sai mutum ya nutsa, ya taso, ya yi numfashi, ya sake nutsawa. Kafin a gama layi biyu iska ta taso, yini ya tafi. Na ga wannan wauta ce. Sai na ɗauki bokitin ƙarfe na kayan auren Patumuttu, na yanke gindinsa, na samo gilashin tagar wata tsohuwar bas a wurin masu fasa motoci, na sa aka yanka mini shi zagaye, na liƙe da kwalta. Na shafa wa cikinsa baƙin fenti don kada hasken rana ya dami ido, na naɗa robar tayar keke a baki don kada ya yanki goshi.

Ba zan ɓoye cewa haihuwarsa ta zo da rigima ba.

"Malam, ina bokitina?" in ji Patumuttu.

Na ce, "Ya samu babban aiki."

Ta ɗaga shi, ta leƙo ni ta gindinsa. "Bokitin da ba ya riƙe ruwa, wane aiki zai yi?"

"Aikinsa yanzu ya hana ruwa shiga."

"To Allah ya haɗa ka da wanda zai hana ruwa shiga kanka."

Shekara ashirin ke nan, ba ta taɓa kiransa Ido Ɗaya ba. Bokitina take cewa. Arulappan ne ya raɗa masa suna, wai ido ɗaya gare shi amma ya fi mu biyu gani.

Halayensa sanannu ne. Ba ya ƙari, ba ya ragi. Ka danna gindinsa cikin ruwa kamar kamu ɗaya, ka sa fuskarka, duk walƙiyar saman ruwa ta ɗauke, ƙasan teku ya bayyana yadda Allah ya shimfiɗa shi. Abin da zai nuna wa mai digiri uku shi zai nuna wa wanda ya bar makaranta a aji huɗu, kuma na gwada shi da duka biyun. Bai taɓa neman batir ba. Bai taɓa cewa a jira shi ya kama sabis ba. Ba a taɓa kai shi birni gyara an dawo da shi bayan wata shida da takardar ban haƙuri ba.

Ga yadda muke aiki da shi, don waɗanda suke tsammanin ƙasan teku a kwamfuta ake aunawa. Mu fita bayan asuba, mu isa rana ta ɗaga amma iska ba ta farka ba. A shimfiɗa igiya mai ƙulli-ƙulli a ƙasa. A kan kowane ƙulli a sauke firam mai kusurwa huɗu na bututun roba. Ni in kifa a gefen jirgi, kaina cikin Ido Ɗaya, in riƙa faɗa: rabi ciyawa, doguwa mai faɗi, kashi uku cikin huɗu, siririya mai kamar allura, nan yashi, nan mataccen murjani, nan ƙaramar nan mai ganye kamar na zogale. Mai rubutu yana rubutawa a farin allo da fensir. Mu yi wannan sau ɗari, sau ɗari biyu, har wuya ya sage. Ba wani ƙawa a cikinsa, shi ya sa manya ba sa zuwa.

Yana da muryarsa. In ruwa ya kwanta, yana taɓa gefen jirgi a hankali, ƙwal, ƙwal, kamar mai sallama a gidan surukai. In ka ciro shi, sai ya yi ajiyar zuciya, fuu, ruwa na gangara a jikinsa. In kuma igiyar ruwa ta fara girma, sai ya koma ƙwal-ƙwal-ƙwal da sauri, ni kuwa na san ya ce a naɗe igiya a tafi gida. Ban taɓa saɓa masa ba na ji daɗi.

Wurin da ya fi so shi ne Darduma. Haka masunta suke kiran filin ciyawar da ke gabas da Tsibirin Kokku, don kore ne shar, a shimfiɗe, tafiyar rabin awa da inji daga wannan baki zuwa wancan. A nan kaguwa take ƙyanƙyasa, a nan ƙananan kifi suke ɓuya har su isa shiga raga, kuma a nan ayun teku yake kiwo. Ayun da suka rage mana a wannan ruwa ba su da yawa, mai yatsu ashirin zai ƙirga su ya yi saura. Ba ya bari a gan shi. Amma in ya ci, yana tumɓuke ƙaramar ciyawar har saiwa, ya bar layi fari a bayansa mai lanƙwasa, faɗinsa kamar tafin hannu biyu. Wanda bai sani ba zai ce wurin babu komai. Wanda ya sani ya san nan ne wurin ya fi rai.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka turo mana Malama Malarkodi a matsayin mai rubutu. Ranar farko ta yi amai sau uku, ta wanke baki, ta ce a ci gaba. Tun daga nan na daina raina ta. Yanzu ta fi ni sanin sunayen ciyawa, ko da yake har gobe ni nake gaya mata lokacin da ruwa zai washe. Allunanta na shekara goma sha ɗaya suna cikin wata durowa a ofishinsu, kuma ina kyautata zaton ɓeraye sun fi shugabanninta karanta su.

Yanzu ga yadda ciwon ajali ya samo asali.

Wani kamfani, da ba zan ɓata tawada da sunansa ba, ya nemi izinin yashe hanya ta tsakiyar Darduma don manyan jiragen dakon kaya su riƙa yanke hanya. Ya kawo taswira da aka zana daga hoton tauraron ɗan adam. An ɗauki hoton a lokacin iskar kudu, lokacin da ko jariri a Nandukarai ya san ruwa yakan koma kamar shayi da madara. Daga sama ba a ga kore ba, sai aka shafa wa Darduma ruwan ɗorawa a taswira, aka rubuta: yashi da laka. In ta tabbata yashi da laka ce, Daraktan ofishin kula da halittun teku zai sa hannu ranar Juma'a, injin yasa ya shigo, kuma abin da aka yashe ba ya dawowa a rayuwar jikokinmu.

Malarkodi ta kwashi allunanta ta kai wa Darakta, Mista Sokkalingam. Ta dawo idonta ja.

"Baba Mirasa, ya ce ba hujja ba ce."

"Mene ne ba hujja ba?"

"Wai idon tsoho da bokiti. Ya ce kwamiti ba zai karɓi abin da ba na'ura ce ta ɗauka ba."

Arulappan yana kwance a kan injinsa, ya ce, "Alaramma, ka ji fa. An ce kai tsoho ne. Bokitin bai ji haushi ba, kai ne fuskarka ta canza."

Haka yake kirana, Alaramma, wai ba na iya miƙa wa mutum shayi ban haɗa masa da wa'azi ba. Shekarata hamsin da huɗu. Na ce masa ya yi ta kansa.

Sai aka sayo na'ura. Rawaya ce, girman akwatin tufafi, da farfela huɗu da ido a ciki da doguwar waya da take haɗa ta da allon talabijin a cikin jirgi. Aka zo da ita ranar Litinin, da Darakta, da mai tuƙa ta, da mai ɗaukar hoto, da mutum shida da har yau ban san aikinsu ba. An ce su zo ƙarfe bakwai. Sun zo sha ɗaya, bayan sun tsaya cin wainar shinkafa a hanya.

A kan gadar katako inda muke ɗaure jirage aka yi bikin ƙaddamarwa. An rataya wa na'urar furen yasmin, an ɗiga mata jan gari a goshi, za a fasa kwakwa. A fahimce ni da kyau: ba ni da ja da al'adar kowa. Mu ma in an yi sabon jirgi muna karanta Fatiha mu raba alewa, Arulappan yana kai kyandir cocinsu, maƙwabtanmu suna fasa kwakwa, kuma duk muna cin na juna. Amma duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san a kan dutse ake fasa kwakwa, ko a kan anga, ƙarfen da ake tsayar da jirgi da shi, kuma mutum yakan dubi inda zai buga kafin ya buga.

Marigayin yana kife a gefen gada yana shan iska. Na lulluɓe gindinsa da tawul ɗina don kada rana ta narkar da kwalta. Darakta ya waiga yana neman abu mai tauri da tsayinsa ya dace da hoto. Wani daga cikin mutum shidan nan ya jawo Ido Ɗaya da ƙafa ya ajiye a gabansa, ina ji wannan ne aikinsa. Ni ina cikin jirgi ina warware igiya. Darakta ya ɗaga kwakwa da hannu biyu, fuskarsa na kallon mai hoto, yana murmushi, ya sauke.

Ƙas.

Ba kwakwar ce ta yi ƙarar ba. Kwakwar ko ƙwarzane ba ta yi ba, ta mirgina ta tsaya a ƙafar Malarkodi. Aka yi tafi, don an ji ƙara. Na haye gada na ɗaga tawul. Tsaga ce guda, daga wannan baki zuwa wancan, madaidaiciya kamar an ja da rula.

Darakta ya leƙa ya ce, "Af, ashe gilashi ne? Wa yake ajiye gilashi a hanya? Kada ka damu, dattijo, daga yau ka huta da shi."

Amsar da take bakina a lokacin ba ta dace da mai alwala ba.

Muka fita Darduma ƙarfe sha biyu, iska ta riga ta farka. Aka sauke na'ura. Minti biyar ba ta yi ba allon ya yi duhu, ta tsaya cak. Aka jawo ta da waya, farfelunta huɗu cunkushe da ciyawa. Arulappan ya zauna ya zare ta da yatsa, ya tara tuli guda, ya ɗauka ya ajiye a gaban takalman Darakta.

"Yallaɓai, ga yashin. Lakar tana tafe."

Darakta ya ce wannan ciyawar da ruwa ya kwaso ce daga wani wuri. Na ɗauki ɗaya na nuna masa saiwarta, fara, da ƙasa a jiki. Ya ce yana jin jiri, a yi sauri.

Daga nan mai tuƙa na'urar, wanda aka riga aka gaya masa cewa in ta lalace shi za a tuhuma, ya koyi darasi. Sai ya riƙa shawagi da ita can sama inda ba a ganin komai sai hazo, in ya hango wuri fari fes, ya sauke ta a nan, ya ɗauki hoto, ya tashi da sauri kafin ciyawa ta kama ta. Wuraren nan farare kuwa su ne layukan da ayu ya ci. Idon na'urar faɗin faranti yake gani. Hoto goma sha biyu aka ɗauka a ranar, goma yashi. An kawo inji ya nemo ciyawa, an sa masa direba mai gudun ciyawa, an kuma rubuta cewa bai ga ciyawa ba. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata ba tare da malami ba, ban taɓa cin karo da wauta mai tsari irin wannan ba.

Malarkodi ta ce, "Yallaɓai, a ba ni minti biyu kawai, ka leƙa ta bokitin."

"Malama, ba wasan yara muka zo yi ba," in ji shi, ya sa hankici a baki.

Na kai majinyacin gida. Na narkar da kwalta da ƙaron itace, na bi tsagar ciki da waje. Na gwada shi a randa, yana tsiyaya kaɗan kaɗan kamar idon mai mura. Patumuttu ta tsaya a kaina da ludayi a hannu. Na zaci za ta ce ga irinta nan. Sai ta ce, "Wane marar ido ne ya yi wa bokitina haka?" Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon zanenta mai laushi, ta ce a naɗe shi a ciki. Ranar Talata bai fita ba.

Ranar Laraba suka koma da jirgin wani, don Darakta ya ce ni da Arulappan ba mu da ladabi. Za su ƙara hoto takwas su cike ashirin. A saukewa ta uku igiyar ruwa ta ja na'urar cikin doguwar ciyawa, ta naɗe. Suka ja waya da ƙarfi, su shida, ina ji wannan ne aikinsu na biyu. Wayar ta tsinke. Suka dawo da guntun waya da furen yasmin da ya taso saman ruwa.

Ranar Alhamis, ko shayi ban gama sha ba, sai ga mota a ƙofar gidana. Darakta ne da kansa, ƙarfe shida na safe. Ashe sun san hanyar asuba. Shi ya sa hannu aka sayi na'urar, shi za a tambaya.

"Baba Mirasa," ya ce. Ranar Litinin dattijo ne ni, ranar Alhamis na zama baba. "An ce ba wanda ya san wurin kamarka."

"Wane wuri, Yallaɓai? Yashi da lakar?"

Malarkodi tana bayansa tana roƙona da ido. Na shiga na ɗauko Ido Ɗaya a cikin zanen Patumuttu. Na san abin da nake yi. Na san tsagar ba za ta jure dannawa ba. Amma gobe Juma'a, kuma ba mu da wani ido.

Ruwan ranar ya kwanta kamar an goge shi. Mai tuƙa na'urar ya nuna mana inda ta ɓace a wayarsa ta hannu, ni kuma na duba inda igiyar ruwa ta jiya za ta kai ta, muka tafi inda na ce. Na danna marigayin a hankali. Ƙwal, ya ce. Ƙwal. Muryarsa ta dushe, ruwa na taruwa a gefen gilashi, Malarkodi na tsane shi da tsumma. Ba a yi rabin awa ba na hango rawaya a ƙasa.

"Ga ta can."

"Ina? Ina?" Darakta ya taso har jirgi ya karkata.

"Ba zan iya nuna maka da baki ba, Yallaɓai. Sai ka leƙa."

Ya durƙusa da farin wandonsa a cikin ruwan kifi, ya kama bakin bokitin da ya fasa, ya sa kansa. Na'urarsa ya shiga nema, ba gaskiya ba, wannan kada a yi masa ƙarya. Amma Ido Ɗaya ba ya zaɓa wa mutum abin da zai gani. Na'urar tana kwance a gefe ɗaya, ciyawa ta naɗe ta kamar gawa a tabarma, kuma daga nan har iyakar gani kore ne yana kaɗawa.

Ba zan ce ayu ya fito ba. Masu ba da labari za su ƙara wannan nan gaba, ni ban gani ba, kuma ayu ya fi ƙarfin ya nuna kansa ga darakta. Abin da ke wurin ya isa. Mutumin ya daɗe bai ɗago ba. Sai muka ji muryarsa daga cikin bokiti, ta canza, ba irin ta ofis ba.

"Wa ya yi huɗa a nan?"

Ashe ɗan manoma ne daga can cikin ƙasa, ya san kunya in ya gan ta. Malarkodi ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Ayu ne, Yallaɓai. Cin safiyar nan ne, ka ga ƙurar ba ta gama kwanciya ba."

"Biyu ne. Ɗaya mai faɗi, ɗaya siririya, suna tafiya tare."

"Uwa ce da ɗanta."

Malarkodi ta ce ya ɗan matsa, ta sa wayarta a cikin bokitin ta ɗauki hoto bakwai: filin, layukan biyu, da na'urar a naɗe. A kowane hoto tsagar gilashin ta ratsa daga gefe zuwa gefe. Darakta ya ce a ba shi ya sake gani. Na ce kada ya danna. Manya ba sa jin kada. Ya so ya bi layukan da ido ya ga inda suka nufa, ya jingina ƙirjinsa a kan baki, ya tura.

Ƙararsa ta ƙarshe ba ta da ƙarfi. Tas, kamar an karya busasshen kara. Sai teku ta shigo ta gindinsa ta daki Darakta a fuska, ta cika masa hanci da baki. Rabin gilashin ya tafi ƙasa yana juyi yana walƙiya, rabi ya rage a jikin kwalta. Na karɓe shi na ɗaga. Ruwan ya zube ta ƙasa, bai yi fuu ɗin nan nasa ba.

Arulappan ya cire hularsa. Ya ce, "Alaramma, yi haƙuri." Shekara talatin muna tare, ranar ce kawai ya kira ni haka ba da tsokana ba.

Na tuɓe na nutsa sau biyu. Na farko na ɗaura wa na'urar igiya. Na biyu na ɗauko rabin gilashin, don ba zan bar abin da zai yanki bakin ɗan ayu a Darduma ba.

Ranar Juma'a Darakta bai sa hannu ba. Na rubuta masa wannan a nan, layi guda, don haƙƙinsa ne, kuma kada ya nemi na biyu. An mayar da Darduma kore a taswira. Kamfanin zai zagaya ta bayan tsibiri kamar yadda iyayenmu suka zagaya ba su mutu ba.

Sai rahoto ya fito. Malarkodi ta kawo mini kwafi, ta ajiye ta kau da kai. A shafi na goma sha ɗaya ga hotunan bakwai, an yanke wanda na'urar take kwance a ciki ya zama shida da rabi. A ƙasa an rubuta cewa sabuwar na'urar ofis ce ta gano wannan muhimmin filin kiwon ayu. Layin da ya ratsa kowane hoto kuwa, an ce igiyar awo ce. Wato raunin da ya kashe shi ma an ƙwace an ba wa wani.

Marigayin ya bar igiya mai ƙulli hamsin, da firam ɗin bututu wanda ƙafarsa ɗaya ta karkace, da farin allo da fensir, da tawul ɗin da ya kasa kare shi. Ya bar Malarkodi, wadda take da filaye huɗu da ba a auna ba kafin iskar kudu ta dawo. Ya bar ayu biyu da ba su san da zamansa ba. Ya bar na'ura, tana birni ana gyara, an ce wata shida. Ya bar kwakwar, wadda aka fasa daga baya a kan anga, mutum shidan nan suka cinye. Ofis ya aiko da wani na roba, ruwan lemo, wai magaji. Na leƙa ta cikinsa, komai ya yi kusa ya kumbura kamar alkawarin ɗan takara. Yana nan a kwalinsa. Patumuttu kuwa ta kwashe sauran bokitanta biyu ta kulle a ɗaki, mabuɗin yana ɗaure a bakin zanenta.

Ga tsarin jana'iza. Ranar Lahadi bayan la'asar, a bayan gidana, za a binne gilashin gida biyu a gindin bishiyar darbejiya, rami mai zurfi yadda ƙafar kowa ba za ta same shi ba. Masu ba da shawarar a jefa shi teku don wai can ya fi so, na gode, teku ba juji ba ce. Gangar jikin za a miƙa wa mai ita. Ta ce shekara ashirin tana jiran a dawo mata da bokitinta, an dawo da shi ba gindi, za ta kafa shi a ƙasa ta shuka barkono a ciki, kuma ba wanda zai ci sai wanda ta ga dama. Za a ba da shayi da suga na giginya. Ba jawabi, ba fure, ba mai ɗaukar hoto. Mutum shidan nan kada su wahalar da kansu, ba abin da za a ja ko a tura.

Mista Sokkalingam ya aiko yana tambaya ko zai iya zuwa, da abin da ya kamata ya riƙo. Zai iya zuwa. Ya riƙo rahoton da biro. Zai zauna a tabarma kamar kowa, ya buɗe shafi na goma sha ɗaya, ya soke abin da ke ƙarƙashin hotunan, ya rubuta da hannunsa wanda ya gani. Suna ne gajere, kalma biyu, zan faɗa masa harafi harafi.

Kwakwa kuwa, a bar ta a gida.